Masu zuwa hutu Zanzibar, ga dabarar cin abinci da araha

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda zai tashi daga Kano zuwa tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, ya riƙe wannan: ka ci babban abincinka da rana, a inda 'yan gari ke ci. Ka bar na otal na bakin teku.

In ka idar da azahar a Stone Town, wato tsohon garin Zanzibar, ka tambayi wanda ke kusa da kai a sahu ina yake cin abinci. Galibi za a nuna maka wajajen kasuwar Darajani, ko gidan abinci na Lukmaan. Abincin na jere a gabanka, yatsa kawai za ka nuna. Shinkafar pilau mai kanumfari da kirfa, biriyani, kifi a miyar kwakwa, tururi na tashi. Wallahi ƙamshin kaɗai ya isa ya zaunar da kai.

Me ya sa? Mutane na tururuwa, tukunya ba ta kwana. Farashin kuma da shilin Tanzaniya ne, ba dala ba. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, don haka hankalinka a kwance game da yanka.

Da daddare akwai lambun Forodhani, kamar wajen masu tsire a nan gida. Ka tambayi kuɗi kafin a ɗora maka a faranti, kuma a gasa a gabanka.

Amma da azumi dabarar ba ta ci, yawancin wuraren a rufe suke sai magariba. In kuma a Nungwi ko Paje ka sauka, ƙauyukan bakin teku masu nisa da Stone Town, kuɗin motar zuwa gari zai cinye ribar. Nemi ƙananan gidajen abinci na cikin ƙauyen.