Kurakuran masu ɗauko fuskar kwamfuta daga wani Linux zuwa wani

Wallahi na gaji. Kusan duk wanda ya zo min da matsalar ya ɗauko fuskar kwamfuta (wato tagogi da menu da kake gani a allo) irin su Cinnamon ko Budgie ko Pantheon ya ɗora a kan wani nau'in Linux kamar Arch ko Fedora ko Void, labarin iri ɗaya ne, kuma yawancin abubuwan nan ni ma sai da suka ƙona ni kafin na gane su.

Na fara da wanda ya fi min ciwo, wato makullin allo. Lokacin da na zauna haɗa Cinnamon da hannuna a kan Arch, na san yana cikin ma'ajiyarsu amma so nake in koyi yadda ake yi, sai na kwafo fayil ɗin makullin allo na cikin /etc/pam.d/ kai tsaye daga Linux Mint, gidan Cinnamon na asali, saboda a can komai na aiki lafiya lau. Fuskar ta tashi, manhajojinta Nemo na buɗe folda, Muffin na zana tagogi, na ce shikenan an gama. Na tashi sallar la'asar, allo ya kulle kansa, na dawo na sa kalmar sirri ya ƙi, na sake ya ƙi, na rubuta ta a hankali harafi bayan harafi ya ƙi. A ciki kuma akwai aikin wani bawan Allah da na shafe rabin yini ina yi ban adana ba. Ƙarshe na danne maɓallin kashewa, aikin ya tafi, sai haƙuri na ba shi.

Dalilin ɗan layi ɗaya ne. Fayil ɗin Mint yana cewa @include common-auth, to wannan tsarin Debian ne da 'ya'yanta, Arch da Fedora ba su da wani common-auth, system-auth suke da shi. Makullin na tambayar PAM, wato tsarin da ke tantance kalmar sirri, ko wadda na sa daidai ce, PAM ba ta ga fayil ɗin da aka tura ta ba, sai ta ce a'a. Kuma da na san Ctrl+Alt+F3 zai kai ni baƙin allo in shiga in gyara, da ban rasa komai ba. Tun daga ranar, duk fuskar da na ɗora, kafin in duba kala ko hoton bango sai na kulle allo na buɗe sau uku, na sa kwamfutar barci na tashe ta. Kai ma ka yi haka, kar ka ce min ai ta buɗe tana kyau.

Na biyu, sudo make install, wato saka manhaja da hannu daga kod ɗinta. Don Allah ku daina. Kana zuba fayiloli ɗaruruwa cikin /usr, masu kula da fakeji, pacman na Arch ko dnf na Fedora, ba su san da su ba, ranar da za ka sabunta sai su yi karo, kuma ba ka da hanyar cire su da tsafta. Wani ƙanena ya yi haka ya danne laburaren GTK na tsarin, wato kod ɗin da manhajoji da yawa ke dogara da shi wajen zana tagoginsu, da nasa da aka yi wa faci (gyaran kod), rabin manhajojinsa suka daina buɗewa, muka kwana muna sake saka komai, ga data ta tafi a banza. Irin wannan faci ne ma ya wahalar da masu son kai Unity, tsohuwar fuskar Ubuntu, wasu wuraren a zamaninsa, don Canonical, kamfanin Ubuntu, ta taɓa laburare da yawa don Ubuntu kaɗai. Ni dai yanzu fayil ɗin haɗa fakeji nake rubutawa, PKGBUILD a Arch ko spec a Fedora, ko da fakeji ɗaya ne, kuma a VirtualBox, kwamfutar gwaji a cikin kwamfuta, nake fara gwadawa. Wasu sun ce ɓata lokaci ne, to ni na ga amfaninsa.

Wuraren ajiya ma suna kada mutane. Debian na sa laburare a /usr/lib/x86_64-linux-gnu, Fedora a /usr/lib64, Arch kuma /usr/lib kawai. In ka ga an rubuta hanyar a cikin kod ɗin da hannu, gyara ta, kar ka bi ta da symlink, wato fayil mai nuni zuwa wani wuri, kana toshe rami da rami.

Sunayen fakejin da ake buƙata wajen haɗa manhaja suna ƙarewa da -dev ne a Debian, -devel a Fedora, Arch ba ta raba su daban ma.

In manhaja ta mutu nan take tana kukan schema, wato fayil ɗin tsarin saitunanta, ka manta gudanar da umarnin glib-compile-schemas ne. In kuma fuskar ba ta fito a allon shiga ba, duba /usr/share/xsessions.

Sai masu zuwa Void ko Alpine ko Devuan, ku tuna can babu systemd, manhajar da ke tada tsarin da kula da shi, don haka maɓallin kashewa da na barci ba za su yi komai ba sai kun saka elogind, mai cike wannan gurbin. Alpine kuma musl take amfani da shi a matsayin babban laburaren tsarin, ba glibc ba, wasu abubuwan sai da faci. Dokokin polkit, mai ba da izinin ayyukan masu iko, ma ku duba su, rukunin masu iko sudo ne a Debian da Ubuntu amma wheel ne a Fedora da Arch, in ba ka canja ba sai ta riƙa neman kalmar sirrin da ba taka ba.

Kuma in abu ya lalace a wajenka, kar ka ruga ka kai ƙara gun masu Mint ko elementary (masu Pantheon) kana cewa kayansu ba ya aiki. Fara gwada shi a gidansa na asali tukuna, in yana aiki a can to matsalar daga haɗinka take.