Yadda za ku kare hantar yaranku tun daga ranar haihuwa

Ciwon hanta nau'in B yana da wani hali da yawancin mutane basu sani ba, kuma shi yasa maganar yara ta fi ta manya zafi. Babban mutum in ya kamu, yawanci jikinsa da kansa yake korar cutar cikin wata 6, a cikin mutum 100 waɗanda take zaunawa a jikinsu basu kai 5 ba. Amma jariri in ya ɗauka wajen haihuwa, a cikin 10 kusan 9 zama take yi a jikinsu har girma. Kuma ba zazzaɓi ba rama ba komai, yaro na wasansa yana zuwa makaranta, sai ya kai shekara 30 ko 40 a fara ganin ciki na kumbura ƙafa na kumbura ido yayi rawaya, a ce ai sammu ne ko an ba shi wani abu ya ci, alhali hanta ce ta taurare ko daji ya kama ta, kuma tun yana zanin goyo abun ya shiga.

Ba kuma cutar wasu can bace. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, wato kusan mutum 1 a cikin 12. Ku lissafa mutanen gidanku kawai.

Toh aikin tun daga ciki yake farawa. Uwargida in kin je awo ki tambaya da bakinki ko an miki gwajin hanta, sunansa HBsAg, ɗan jini ake ɗiba a yatsa ko a hannu kuma baya ɗaukar lokaci. Kar ki ɗauka tunda an ɗebi jininki shikenan an yi, wasu wuraren na ƙanjamau da na yawan jini kawai suke dubawa. Maigida kai ma ka yi, ba sai an roƙe ka ba. Idan sakamako ya fito akwai cutar, dan Allah a bar zarge-zarge, na san gidaje nawa wannan takardar ta kusa rabawa don mutane sun ɗauka ta hanyar kwanciya kaɗai ake samu, alhali a ƙasashenmu mafi yawan masu ita tun suna yara suka ɗauka, wajen haihuwa ko ta aska ko allura. Abun da ya kamata shine a koma wurin likita a yi gwaji na biyu wanda yake nuna yawan ƙwayar cutar a jini. In ta yi yawa ana ba mai ciki wani magani tenofovir tana sha kullum a watannin ƙarshe na ciki don ya rage ƙarfin cutar kafin haihuwa, likita ne yake faɗin lokacin farawa da na dainawa, ba abun zuwa kemis a siya bane. Irin wannan uwar a asibiti ya kamata ta haihu, kuma akwai wata allura daban HBIG da ake ƙara wa jaririnta tare da ta rigakafi a ranar farko, tana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, don haka tun ciki na wata 7 ko 8 a fara tambaya. In ba a samu ba kar a ce an fasa komai, allurar rigakafin ita kaɗai ma tana aiki sosai. Nono kuwa a ci gaba da bayarwa, babu dalilin hana jariri nonon uwarsa saboda nau'in B.

Sai babbar magana, allurar awa 24 na farko. Ko uwa tana da cutar ko bata da ita, kowane jariri ya kamata a masa allurar rigakafin hanta a cinya kafin ya kwana ɗaya a duniya. Najeriya ta saka ta cikin rigakafin yara tun 2004 kuma kyauta ce a asibitin gwamnati. Inda muke faɗuwa sananne ne, mata da yawa a gida suke haihuwa, mai jego bata fita, jariri ma ana ganin bai kamata ya sha iska ba sai an yi suna, wasu ma sai arba'in, kafin nan lokacin da allurar ta fi amfani ya wuce. Mafita mai sauƙi ce, tun kafin naƙuda a tsayar da wanda zai ɗauki jariri zuwa asibiti, kaka ce ko gwaggo ko shi uban da kansa, a naɗe shi da kyau a hau Keke a je a dawo, uwa bata ko motsa ba. In haihuwar asibiti ce kar ku bar ɗakin haihuwa sai kun tambayi nas an yi ta hanta? kuma ku ga an rubuta a kati. Wani lokacin za a ce ku dawo ranar rigakafi saboda allurar BCG ta tarin fuka da ake jira yara su taru kafin a buɗe kwalbar, wannan gaskiya ne game da BCG don in an haɗa ta cikin awa 6 take lalacewa, amma ta hanta ba haka take ba, kwalbarta tana ajiyuwa a firij bayan an buɗe, don haka ku roƙa cikin mutunci a masa ta hanta yau, BCG a dawo daga baya. In awa 24 ya riga ya wuce ku je dai, ana yi har cikin sati 2 na farko, sai dai kowace rana da aka ƙara ƙarfin kariyar daga uwa raguwa yake.

Allurar ranar haihuwa kaɗai bata isa ba, sai an cika da allurar penta a sati 6, sati 10 da sati 14, a cikinta akwai ta hanta haɗe da wasu cututtuka 4. Yaro zai ɗan yi zazzaɓi da rigima, cinya ta ɗan kumbura, kwana ɗaya biyu ya wuce, kar wannan yasa a ƙi komawa. Jaririn da uwarsa ke da cutar a masa gwaji tsakanin wata 9 zuwa 12 don a tabbatar ya tsira.

Yanzu maganar wanzami, wadda nasan wasu ba za su so ba. Ƙwayar nau'in B tana iya kai kwana 7 da ranta a busasshen jini a jikin ƙarfe, jinin da ido ma baya gani, kuma gogewa da tsumma ko ɗan tsoma aska a ruwan ɗumi baya kashe ta. Ku duba abun da ake wa jariri a satin farko, yanke cibiya, askin suna, cire belu, tsaga, hujin kunne, can gaba kaciya, wani lokacin yara 10 a jere da aska ɗaya. Ba cewa nake a kori wanzami ba, sana'arsa ce ta gado kuma da yawansu sun waye, amma ku sayi sabuwar reza da kanku ku buɗe ta a gabansa, in ya ji haushi ya ji. Kaciya a kai asibiti ko wurin ma'aikacin lafiya da yake dafa kayan aikinsa. Cire belu kam ni ban ga amfaninsa ba ko ɗaya, belu baya hana shan nono baya kashe yaro, amma cire shi yana jawo zubar jini da cutar tetanus, a bar wa yaro abunsa. Yaran da suka tasa kuma, in da hali a saya musu injin aski nasu su riƙa zuwa da shi shago, a raba su da masu yankan farce na yawo, kowa da buroshinsa na goge baki. Allura a kemis ma ku tsaya ku ga an fasa sabon sirinji. Yara masu sikila da ake yawan ƙara wa jini, iyaye su tabbatar jinin an tantance shi, a nan ne nau'in C ma yake shiga, shi bashi da rigakafi amma yana warkewa da ƙwayoyi na kamar wata 3.

Shawarar jarirai wani abu ne daban, yawanci ba ciwon hanta bane, hantar ce bata gama ƙwari ba, kuma jarirai da yawa suna yi a kwana na 2 zuwa na 5 ta wuce da kanta. Matsalar ɗakin mai jego duhu gare shi, ga labule ga jariri a dunƙule cikin shawul, babu mai lura. Kullum da safe a satin farko a fito da shi haske a duba farin idonsa da dasashinsa, a ɗan danna goshi ko hanci da yatsa a saki a ga ko wurin yayi rawaya. A tafi asibiti a ranar in rawayar ta fito tun ranar haihuwa, ko ta sauko ciki da cinya, balle tafin hannu da tafin ƙafa, ko jariri ya daina kama nono yana ta barci, ko yana wani kuka mai tsini yana banƙarewa. Wannan in an yi wasa ƙwaƙwalwa take taɓawa, yaro ya tashi kurma ko ya kasa zama, kuma baya gyaruwa. Maganinsa wata shuɗiyar fitila ce da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinta, shanya shi a rana ko ba shi ruwan gulukos baya maye gurbinta. A cire kafur daga cikin kayan jariri gaba ɗaya, kar kuma a sa masa lalle, akwai yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari G6PD, musamman maza, waɗannan abubuwan suna farfasa musu jini shawara ta tashi lokaci ɗaya.

Akwai kuma wadda ake yawan makara da ita. Jariri ya wuce sati 2 ido na nan rawaya, kashinsa ya koma fari-fari ko kalar toka maimakon ruwan ƙwai, fitsari kuma yayi duhu yana ɓata zani. Wannan yana iya zama toshewar hanyar da ruwan matsarmama ke bi daga hanta zuwa hanji, tiyata ake yi, kuma ta fi nasara in an yi kafin jariri ya cika wata 2. Nan ba wurin jiƙe-jiƙe da jiran arba'in bane, a nemi babban asibiti mai likitocin tiyatar yara, irin asibitin koyarwa na Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri.

Nau'in A da E ta baki suke shiga, ruwa ko abincin da kashi ya gurɓata. Yaro zai yi zazzaɓi, amai, ƙin abinci, fitsari kamar shayi, ido yayi rawaya, yawanci yana warkewa da hutu da ruwa da abinci, basa zama a jiki. Amma E mugu ne ga mai ciki, an gani a ɓarkewar da aka yi a Diffa ta Nijar da Ngala ta jihar Borno a 2017. A tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin tsaftace ruwa musamman da damina, a wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki, fo ɗin yara a zubar a masai ba a kwata ba. Kuma duk yaron da idonsa yayi rawaya a gwada jininsa kafin a yanke hukunci, maleriya mai tsanani tana kawo haka, sikila tana kawowa. In ya fara ruɗewa, barci ba ƙaƙƙautawa, ko jini na fita ta hanci ko dasashi, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare.

Magani ma yana cin hanta. Farasitamol da muke gani kamar ba komai ba, in ya wuce ƙima hanta yake ƙonawa, ana auna shi ne da nauyin yaro, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, kar ya wuce sau 4 a kwana ɗaya, kuma ku karanta jikin kwalbar maganin mura don da yawa akwai farasitamol a ciki, sai uwa ta haɗa biyu bata sani ba. Asfirin ba na yara bane. Dauri da sauran jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa jarirai, da maganin shawara na cikin jarka da ake talla da lasifika a kasuwa, babu wanda ya san adadin abun da ke ciki, kuma hantar da take ciwo ita za a ƙara wa aiki.

Gyaɗa da masara a kula da su. In basu bushe da kyau ba ko an ajiye su a wuri mai danshi suna yin fumfuna mai fitar da guba aflatoksin, dafuwa da suya basa kashe ta, kuma in ta haɗu da nau'in B a jiki ɗaya haɗarin dajin hanta ninkuwa yake. Abun takaici gyaɗar da aka tsince aka ware, mai ɗaci da ƙanƙanacewa, ita ake sayarwa da araha a yi ƙuli-ƙuli da tunkuza, yara kuma su ne masu ci. In za ki yi kunun gyaɗa ki tsince da kanki, duk wadda ta canja kala ko ta yi baƙi ki zubar, kar ma a ba kaji.

In kuma an gwada yaro an samu yana da nau'in B, ba a raba masa kwano ko kofi, ba a hana shi wasa ko makaranta, bata bin gumi ko tari ko runguma ko cizon sauro. A gwada duk 'yan gidan, wanda bashi da ita kuma ba a taɓa masa rigakafi ba a masa allura 3, yau, bayan wata 1, sai bayan wata 6 da ta farko, wannan har da manyan yaran da aka haifa kafin a waye da kati da almajiran da ke gidan. In ya ji ciwo a rufe wurin da filasta, jinin da ya zuba a goge da ruwan bilic. Yawancin irin waɗannan yaran ba a fara musu magani nan take, likita zai riƙa duba jininsu da hoton hanta duk wata 6 ko shekara ya ga lokacin da ya dace, don haka a buɗe fayil a asibiti ɗaya a riƙe shi, a kuma ajiye duk takardun gwaji wuri guda don likitan gaba ya ga inda aka kwana.