Kurakuran da aka fi yi wajen auna sigina bisa tafiyar lokaci

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar gwajin zuciya ta ECG ya ga abin da ake kira nazarin sigina bisa lokaci: layi ne mai hawa da sauka, daga hagu zuwa dama kuwa daƙiƙoƙi ne ke wucewa. Na sha duba ayyukan ɗaliban injiniya da na kiwon lafiya a nan Katsina, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake zuba wa tsayin layin ido, a manta da lokacin da ke ƙarƙashinsa.

Bisa ƙa'ida, takardar tana tafiyar milimita 25 a daƙiƙa, don haka ƙaramin gida daƙiƙa 0.04 ne, babban gida kuma 0.2. Idan wani ya mayar da na'urar kan 50 bai sanar ba, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu za ta ninka, sai mai bugun zuciya 80 a minti ya fito kamar mai 40, a tayar wa iyalinsa da hankali a banza. A karanta saurin da aka buga a jikin takardar kafin a fara ƙirga gidaje.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari a wajen ɗaukar sigina cikin kwamfuta yake, domin ita ɗiba take yi jefi-jefi. Ƙa'idar da ta samo asali daga aikin injiniya Harry Nyquist na 1928, wadda masanin lissafi Claude Shannon ya fayyace a 1949, ta ce yawan ɗibar a daƙiƙa dole ya zarce ninki biyu na kaɗawa mafi sauri a cikin siginar. Wanda ya ɗebi kaɗawa 50 a daƙiƙa da ɗiba 60 kawai, zai ga kaɗawa 10 wadda babu ita sam, ta yi kyau a allo har ya sa ta cikin rahoto. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa daga baya. A tace siginar tun kafin ta shiga, kuma ga zuciya a ɗebi kamar 500 a daƙiƙa.

Sai hayaniyar wutar lantarki. Tamu mai kaɗawa 50 a daƙiƙa ce, ta Amurka mai 60, amma ɗalibi zai kwafo matatar 60 daga intanet, ya rasa dalilin da layinsa bai daina rawa ba. Janareta kuma ba ya tsayawa daidai kan 50, shi ya sa na fi son a yi awo da batir. A lokacin hunturu fata na bushewa, maƙalar da ake mannawa a fata don ɗaukar siginar ba ta kamawa sosai, sai an goge wurin an sa sabuwa mai danshi.

Masu auna bambancin tazarar bugun zuciya kuma su daina gwama awon minti 5 da na awa 24, domin wasu alƙaluman suna ƙaruwa ne da tsawon awon kansa.