Idan gidan da kuka kama da zafin ƙasa ake ɗumama shi

A sababbin gidaje na Holand, Suwidin da Jamus, sau da yawa ba tukunyar gas ke ɗumama gida ba, famfon zafi ne. Ga irin famfon da ke janyo ɗumi daga cikin ƙasa, ana haƙa rami irin na burtsatse, mita 100 zuwa 200, a zura bututun roba mai ɗauke da ruwa da maganin hana daskarewa. A can ƙasa zafi yana tsayawa wajen digiri 10 zuwa 12 a Holand da Jamus, ƙasa da haka a Suwidin, rani da hunturu. Na'urar tana janyo wannan ɗumin ta ƙara masa ƙarfi ta tura shi cikin bututun ruwa da ke cikin daɓen gida, kuma da kilowat 1 na lantarki takan ba da zafin kilowat 3 zuwa 4. Wasu manyan gine-ginen Holand rijiyoyi biyu gare su: ɗaya na ajiye ruwan ɗumi don lokacin sanyi, ɗaya na ajiye mai sanyi don lokacin zafi.

Babban abin da za ku riƙe shi ne na'urar ba ta son gaggawa. Ruwan da ke zagaya bututun cikin daɓe bai wuce digiri 30 zuwa 35 ba, don haka sai an ɗau awanni kafin ɗaki ya sauya. Ku sa ma'aunin bango, wanda ake saita zafin ɗaki da shi, a 20 ko 21 ku ƙyale shi, dare da rana. Wanda ya kashe da dare ya murɗa zuwa 25 da safe, hitar lantarkin da ke cikin na'urar yake tayarwa, ita kuwa kilowat 1 take ci ta ba da 1. Nan kuɗin wuta ke tafiya.

Kafet mai kauri yana tare ɗumi. Kada kuma a buga ƙusa ko a huda daɓen, bututu na ciki.

Lokacin zafi, idan na'urar tana sanyaya gida, ku bar sanyayawar a kunne ko da kun ga ba ta kai iyakwandishan ba. Ruwa mai digiri 18 ne ke kwashe zafin ɗaki ya mayar ƙasa, a ci moriyarsa da hunturu. Ba a sanyaya shi fiye da haka saboda daɓe zai yi gumi.

Tankin ruwan wanka kan hau digiri 60 lokaci-lokaci don kashe ƙwayar cutar da ake kira Legionella. Kada ku taɓa wannan saitin. Idan agogon matsin ruwa ya sauka ƙasa da lamba 1 (bar 1), ko lambar matsala ta bayyana, ku ɗauki hotonta ku aika wa mai gidan.