Sabuwar manhajar kallon finafinan iyali: yanda zaka tunkare ta kafin ka zuba kuɗinka

Duk lokacin da wani babban kamfanin finafinan yara da iyali ya ce zai buɗe manhajarsa ta kallo ta intanet, abu ɗaya ne yake faruwa, tallar tana fitowa yara su gani su fara "Baba a saka mana, Mama a saka mana", kai ma babba in ka ga katun ɗin da ka kalla kana yaro ya gifta a tallar sai ɗoki ya kama ka. Toh ba laifi bane. Amma ni abinda nake cewa kullum shine sabuwar manhaja amarya ce, satin farko komai ƙamshi ne, halinta na gaskiya sai an zauna. Sa'ar da mukayi itace an riga an ga yanda irin wannan auren yake kasancewa, domin Disney+, manhajar kamfanin finafinai na Disney, ta buɗe tun 12 ga Nuwamba 2019 a Amurka da Kanada da Holand, kuma tarihinta kaɗai ya isa ya nuna maka me zakayi tsammani da me bai kamata ka saka rai dashi ba. Da ita zan riƙa bada misali.

Fara da tambayar da mutane suke tsallakewa: an buɗe ta a ƙasar da kake zaune kuwa? Jin cewa "ta fito" ba yana nufin ta fito maka ba. Ita Disney+ ƙasashe uku kacal ta fara dasu ranar farko. Ingila da Jamus da Italiya da Sifen sai 24 ga Maris 2020, Faransa ma sai da aka ɗaga zuwa Afrilu saboda lokacin kulle ne na korona kuma ana tsoron intanet ɗin ƙasar zai yi nauyi. Indiya ta samu a Afrilun 2020 haɗe da manhajar kallo ta Hotstar, Afirka ta Kudu sai Mayun 2022, Masar da Maroko da ƙasashen Larabawa da dama sai Yunin wannan shekarar. Kaga kusan shekara biyu da rabi kenan tsakanin na farko da waɗannan. Saboda haka ka shiga shafin kamfanin da kanka ka duba jerin ƙasashe, kada ka biye wa wanda zai ce maka yana da akawun na sayarwa mai araha, yawanci akawun ɗin wani ne aka sace ko kuma mutum goma aka sayarwa abu ɗaya, ranar da aka canza fasuwad shikenan kuɗinka ya bi ruwa. Kuma ko an buɗe a ƙasarku, abinda ke ciki ba lallai ya zama iri ɗaya da na Amurka ba, kowace ƙasa da nata jerin.

Sai maganar ranar farko. Dan Allah kada ka tara yara a falo ranar da aka buɗe kace yau akwai kallo, zaka iya jin kunya. Ranar da Disney+ ta buɗe mutane da yawa sun kasa shiga, wasu sun shiga amma fim ya ƙi tashi sai saƙon kuskure, kamfanin da kansa ya fito yace jama'ar da suka danno sun wuce yanda yayi tsammani, kuma ya sanar da cewa mutum miliyan 10 sukayi rijista cikin kwana ɗaya. Wannan fa kamfanin da tun 2017 ya mallaki mafi yawan hannun jarin BAMTech, masu fasahar watsa wasanni kai tsaye, don dai ya shirya ma wannan ranar. In haka ta faru dasu toh wa zai tsira. Ka bari sati ɗaya ko biyu ya wuce, finafinan ba guduwa zasuyi ba.

Yanzu ga inda yafi muhimmanci, kuɗi. Farashin da aka buɗe dashi ba shine farashin ba, na jan hankali ne. A Amurka Disney+ ta fara da dala 6.99 a wata, ko 69.99 a shekara, ba talla ko ɗaya, kuma a lokacin kowa cewa yake wannan ai kyauta ce in aka kwatanta da Netflix. A Maris 2021 ta koma 7.99. A Disamba 2022 aka raba gida biyu, mai talla 7.99, marar talla 10.99, wato in kana so ka ci gaba da biyan abinda ka saba sai dai ka haƙura da talla. A Oktoba 2023 marar talla ya kai 13.99, a Oktoba 2024 ya kai 15.99. Lissafa da kanka, cikin shekara biyar ya ninka har da ɗoriya. Ba wai mugunta bace kawai, tsarin ne haka: kamfani yana yarda yayi asara da farko don ya tara jama'a, kuma sun tara ɗin, sun wuce miliyan 100 a Maris 2021, amma a ƙarshen 2022 ɓangaren kallo ta intanet na Disney yayi asarar kusan dala biliyan ɗaya da rabi cikin wata uku kacal, masu hannun jari suka tada jijiyar wuya, ba'a jima ba aka sauke shugaban kamfanin aka dawo da tsohon shugaban, Bob Iger. Daga nan magana ta tashi daga "mutum nawa muka tara" ta koma "nawa muke ci". Wa zai biya? Kai.

Toh me zakayi da wannan bayanin. Na ɗaya, in kana kasafin kuɗin gida kada ka rubuta farashin buɗewa kamar zai dawwama, ka tambayi kanka in ya ninka zan ci gaba? In amsar a'a ce toh tun yanzu kada ka bari yara su maida ita kamar ruwan sha. Na biyu, biyan shekara yana da sauƙi, kusan wata biyu kake samu a banza kuma ƙarin farashi baya taɓa ka sai shekarar ta ƙare, amma ni ban yarda mutum ya biya shekara ga abinda bai zauna dashi wata ɗaya ba. Biya wata ɗaya tukuna. Ka lura da sau nawa aka kunna ta a sati na uku da na huɗu, ba satin farko ba, satin farko kowa kallo yake har da kaka. Sannan ka sani cewa katinka zasu ci gaba da cira kai tsaye duk wata sai in kai ka shiga ka soke, goge manhajar daga waya baya soke komai, wannan kuskuren mutane da yawa sunyi shi. Gwajin kyauta ma kada ka dogara dashi, Disney+ ta fara da kwana 7 kyauta, a tsakiyar 2020 ta cire.

Wani abin da yake ɓata ma mutane rai shine zaton cewa duk abinda kamfanin ya taɓa yi yana ciki. Ba girin-girin ba dai, tayi mai. Gaskiya rumbun Disney babba ne, sun sayi Pixar a 2006, Marvel a 2009, Lucasfilm a 2012, sannan 21st Century Fox a 2019 akan dala biliyan 71 da ɗoriya, don haka da wuya yaro ya rasa abin kallo. Amma kafin su buɗe tasu sun riga sun bada hayar finafinai ga wasu, Netflix da tashoshin talbijin, kuma yarjejeniya sai ta ƙare fim yake dawowa gida. Shi yasa a farko zaka nemi fim ka ga hotonsa amma an rubuta sai wata kaza. Finafinan Spider-Man kuwa haƙƙinsu na hannun Sony, shi yasa basa ciki lokacin da aka buɗe duk da cewa jarumin na Marvel ne. Dabarar mai sauƙi ce, kafin ka biya ka zauna da yaran kowa ya faɗi abu biyu ko uku da yake so, ka rubuta, ka bincika ko suna cikin jerin ƙasarku. In rabi babu, jira.

Kuma abinda yake ciki yau ba lallai ya kasance gobe ba. A Mayun 2023 Disney ta kwashe gomman finafinai da shirye-shirye daga manhajar, har da waɗanda ita ta shirya su musamman don manhajar, don rage kashe kuɗi. Haya kake ba saye ba. In akwai fim ɗaya da ɗanka yake kalla sau ɗari, kasan irin yaran nan da har maganganun sun haddace, gara ka saya masa shi daban a faifai ko ta wata hanyar halal ya zama nasa.

Sababbin abubuwa kuma da farko 'yan kaɗan ne. Ranar buɗewa shiri mai dogon zango na The Mandalorian ne ya ɗauki nauyin tallar kusan shi kaɗai, kuma kashi ɗaya ake saki duk sati ba'a zuba zango gaba ɗaya kamar yanda Netflix ta saba ma mutane, dalilin a fili yake, mai kashi takwas zai riƙe ka wata biyu kana biya. In kai mai haƙuri ne ka bari zangon ya ƙare sannan ka biya wata ɗaya ka kalle shi tas. Fim ɗin da ke sinima ma ba ranar zai shigo ba, sai bayan makonni ko watanni, lokacin korona da suka saki Mulan kai tsaye a 2020 sai da suka ce a ƙara dala 29.99 akan kuɗin wata.

Sai batun da yafi damuna, kalmar nan "na iyali". Iyaye suna jin ta sai su miƙa rimot su shige ɗaki. A'a. Na farko iyalin da suke nufi ba lallai irin tarbiyyar gidanka bace, ma'auninsu daban naka daban, abinda suka ce ya dace da ɗan shekara bakwai kai zaka iya gani kace ina. Na biyu manhajar da ta fara da katun zalla bata tsayawa a nan, saboda manya ne suke biyan kuɗi kuma manya suna gajiya da katun. A Fabrairun 2021 Disney+ ta ƙara sashen Star a Turai da wasu ƙasashe, cike da finafinan manya, a Amurka ma a 2022 aka shigo da shirye-shiryen Marvel masu zubar da jini da finafinan da aka ware wa manya. Har tsofaffin katun ɗin ma, wasunsu kamfanin da kansa ya liƙa musu gargaɗi cewa akwai yanda aka siffanta wasu al'ummomi da bai dace ba.

Don haka ranar da ka buɗe akawun, kafin kowa ya taɓa, ka ba shi minti goma. Buɗe ma kowane yaro nasa firofayil, Disney+ tana bada har guda 7. Saita iyakar shekaru akan kowanne, ƙananan ka saka su a tsarin yara wanda yake ɓoye sauran abubuwa gaba ɗaya. Naka na babba ka saka masa lambar sirri mai lamba huɗu, kuma banda shekarar haihuwarka dan Allah, yaran yanzu sun fi ka wayo akan wannan. Kulle damar buɗe sabon firofayil, in ba haka ba ɗan shekara goma zai buɗe sabo ya rubuta shi ɗan talatin ne. Kashe abin nan da yake tada kashi na gaba da kansa, shine yake maida "ɗaya kawai" ta koma ƙarfe sha ɗayan dare. Kuma duk sabon fim mai dogon zango ka kalli kashin farko tare dasu, wannan babu saitin da zai yi maka shi.

Data da na'ura, a gurguje. Su da kansu suna bada shawarar gudun intanet na 5 Mbps don hoto mai kyau, 25 don 4K, wato hoto mai tsananin kaifi, kuma 4K na iya shan wajen giga 7 a awa ɗaya, in datar ƙidaya kake amfani da ita ka shiga saiti ka rage, yaro akan ƙaramin allo baya ma gane bambancin. Saukewa a waya ko tablet yana taimakawa sosai lokacin tafiya, sai dai abin a cikin manhajar yake zaune ba zaka tura ma wani ba, kuma sai na'urar ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, sannan tsari mai talla a wurare da yawa baya bada damar saukewa. Tsohuwar talbijin kuma ka duba ko tana ɗaukar manhajar kafin ka biya, in bata ɗauka ƙaramar sandar nan da ake soka mata a baya ta fi sayen sabuwa sauƙi. Ka duba harshe ma, wane harsuna aka juya muryoyi dasu kuma akwai rubutun fassara a ƙasa ko babu, don in yaron baya jin abinda ake faɗa hoto kawai yake bi.

Raba fasuwad da 'yan uwa, nasan shine lissafin da yawancinmu muke yi, a wasu tsare-tsaren mutum huɗu suna iya kallo lokaci ɗaya ai sai a haɗa kuɗi. Da farko kamfanoni suna kauda kai saboda suna neman jama'a. Netflix ta fara matsawa a 2023, Disney+ ta biyo baya a 2024, akawun na gida ɗaya ne, in kana so ka ƙara wanda baya zaune daku sai ka biya ƙari. In zaku haɗa da ƙaninka ko 'yar uwarka ku haɗa, amma ku yi maganar tun yanzu wa zai riƙe akawun ɗin ranar da aka ce a rabu, don jerin abubuwan da yara suka tara da inda suka tsaya a kallo duk a wurin mai akawun yake zama.