Hotuna masu ɓacewa: abin da iyaye za su saita a wayar matashi

Kafin a taɓa saiti, matashi ya gane cewa hoton Snapchat daga fuskar waya yake ɓacewa, amma wanda aka tura wa yana iya riƙe shi. Manhajar tana sanar da mai turawa idan an ɗauki hoton allo, sai dai sanarwar kan zo ne bayan aikin gama ya gama. WhatsApp ya toshe ɗaukar hoton allo a saƙon da ake kallo sau ɗaya, duk da haka idan aka sa wata waya aka ɗauka, babu manhajar da za ta sani.

A fara da ranar haihuwa. Snapchat ba ya karɓar wanda bai kai shekara 13 ba, kuma kariyar da aka tanadar wa 'yan ƙasa da 18 ta dogara ne kan shekarun da aka rubuta lokacin rajista. Yaron da ya ƙara wa kansa shekaru ya cire wa kansa wannan kariya.

Daga nan a buɗe taswirar Snap Map a kunna Ghost Mode, don kada abokai su riƙa ganin inda yake. A saita cewa abokai kaɗai za su tuntuɓe shi ko su kalli Story, wanda ke zama awa 24. Jerin abokan ma a bi shi suna bayan suna, duk wanda ba a sani ido da ido ba a cire shi.

Tun 2022 Snapchat yana da Family Center, wato sashen da aka tanadar wa iyaye don sa ido kan asusun yaro. Uwa ko uba zai buɗe nasa asusun ya aika gayyata, sai yaron ya amince. Yana nuna abokansa da waɗanda ya yi hira da su cikin kwana 7 da suka wuce, amma ba ya nuna abin da aka faɗa. Mu a ganinmu hakan ya fi leƙen asiri amfani, domin yaron da ya gano ana bibiyarsa a ɓoye sabon asusu kawai zai buɗe.

Babban hatsarin shi ne baƙon da zai zo da hoton wata budurwa ko wani saurayi, ya ja hira, ya nemi hoton tsiraici, sannan ya ce a biya kuɗi ko ya watsa shi. Samari ake yawan yi wa wannan. Kada a biya, wanda aka ba sau ɗaya zai dawo. A ajiye sunan asusun da saƙonnin barazanar kafin su goge, a kai rahoto a cikin manhajar, a toshe shi, a sanar da 'yan sanda. Hoton kansa kada a tura wa kowa, ko da sunan shaida.

Shafin Take It Down na NCMEC, cibiyar Amurka mai kula da yaran da suka ɓace ko aka ci zarafinsu, kyauta ne ga wanda aka ɗauki hotonsa kafin ya cika 18. Yana fitar da lambar shaida daga hoton ba tare da hoton ya bar wayar ba, kamfanonin da ke cikin tsarin kuma su yi amfani da ita wajen gano shi su sauke. Tun kafin wani abu ya faru a faɗa wa yaro cewa idan ya kawo irin wannan matsala ba za a ƙwace wayarsa ba, saboda tsoron hukunci ne ke sa yara yin shiru.