Dogon Hutu a Abuja: Yadda Za Ku Zaga Gari da Yara a Tsakiyar Damina

Dogon hutun makaranta yakan fara daga ƙarshen Yuli ya kai farkon Satumba, wato yana faɗowa ne a tsakiyar marka. A Abuja wannan alheri ne ta fuskoki da yawa. Zafin nan na watan Maris da ke kai maki 37 ko ya zarce ya wuce, a Agusta da wuya ma'auni ya haura 30, ƙura ta kwanta, duwatsu sun yi kore shar. Amma mai fita da yara a wannan lokaci dole ya san halin ruwan garin, domin akwai wuraren da damina ke ƙara wa kyau, akwai kuma waɗanda take mayarwa wurin halaka, wani lokaci ma wuri guda ne yake haɗa biyun.

Ku fara da sanin hadari. Ruwan Abuja iri biyu ne. Akwai mai iska da tsawa, wanda yakan haɗo daga gabas, ta wajen Dutsen Aso da Nyanya, galibi daga la'asar zuwa dare. Wannan yana ba da sanarwa: gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta taso, to abin da ya rage muku bai fi ku naɗe tabarma ku shiga mota ba. Akwai kuma yayyafin marka, wanda ba shi da lokaci, yana iya farawa da asuba ya wuni yana zuba a hankali. Saboda haka duk wata fita ta fili a sa ta da safe, a bar gida kafin ƙarfe 9, a yi niyyar juyowa bayan azahar. Tun da dare a duba hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, sannan kowace fita a tanadar mata wuri mai rufi da za a karkata idan gari ya waye da ruwa. Yaron da aka yi wa alkawarin fita aka fasa ya fi wanda ba a faɗa wa komai ba rigima.

Kayan da za a ɗauka ba su da yawa. Ruwan sha lita ɗaya ga kowane yaro, lita ɗaya da rabi ga babba, idan fitar rabin wuni ce. Tabarma, da babbar leda da za a shimfiɗa a ƙarƙashinta, domin ciyawa takan riƙe laima ko da sama ta washe tun jiya. Lema, kayan canji ɗaya ga kowane yaro a ƙulle cikin leda, da takalmi mai kama ƙasa maimakon silifas. A rubuta lambar wayar uba ko uwa a takarda a sa a aljihun ƙananan. A riƙe tsabar kuɗi, ƙananan canji, saboda da zarar hadari ya taso sai a ji na'urar cirar kuɗi ta ƙi aiki, ga mai tikiti yana jira. Wajen abinci, dafa-duka da miya ba sa son zama: abincin da aka dafa bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba tare da an adana shi da zafinsa ko cikin sanyi ba. Burodi, dambun nama, kilishi, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, ayaba da dafaffiyar gyaɗa sun fi jure hanya. Kunun aya kuwa in babu ƙanƙara ku bar shi a gida, kafin azahar ya yi tsami.

Wurin da ya fi sauƙi a fara da shi shi ne Millennium Park da ke Maitama, lambun da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disamban 2003. Fili ne mai faɗi, da hanyoyin tafiya a shimfiɗe, yara za su yi gudu da ƙwallo har su gaji. Wani rafi ya ratsa ta cikinsa, kuma wannan rafin ne abin lura, don bayan ruwa yakan cika ya yi ƙarfi, gefensa kuma ya yi santsi. A shimfiɗa tabarma nesa da shi. Ranar Talata ko Laraba da safe za ku samu wurin kusan naku ne ku kaɗai. Asabar da Lahadi da yamma kuwa cike yake maƙil. Idan aka fara tsawa kada a fake gindin bishiya, ko da ita ce mafi girma a lambun. Mota mai rufin ƙarfe ko gini su ne mafaka, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a koma fili.

Lambun yara da gidan namun daji na ƙasa yana Asokoro, a gindin Dutsen Aso. Ya dace da 'yan ƙasa da shekara goma, ga filin wasa, ga dutsen a tsaye a gabansu. Da yake unguwar fadar shugaban ƙasa ce, direba ya riƙe katin shaidarsa, kuma a hana yara ɗaga waya suna ɗaukar hoto a shingayen jami'an tsaro.

A Tafkin Jabi ana shiga jirgin ruwa a zaga. Sharaɗi guda ne ba a sassauci a kansa: kowa ya sa rigar hana nutsewa, kuma ta yaro ta zama daidai jikinsa. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗaure masa ita, a kama kafaɗun rigar a ja sama. Idan ta zame ta rufe masa kunne ko haɓa, ta yi masa yawa, a cikin ruwa zai sulluɓe ta ƙasa ya bar ta a sama. Mai jirgin da ya ce ai ba nisa, ba sai an sa ba, ku bar masa jirginsa. A yi ciniki tun a tudu, a san kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, da kuma minti nawa za a yi. In gabas ta fara haɗa fuska, a haƙura. Amfanin Jabi shi ne babban kantin da ke bakin tafkin, inda za a iya fakewa. Sai dai kanti irin wannan yana cin aljihu fiye da kowane wuri a jerin nan, don haka a ciyar da yara kafin a shiga, a kuma gaya wa kowa adadin abin da zai kashe tun a mota. Haka dokar take a Magicland, wurin lilo da ke kusa da Ƙofar Gari, inda yawan wasannin da yaro ya hau shi ne yawan abin da za a biya.

Akwai fitar da iyaye da yawa ba su yi tunaninta ba, alhali yara sun fi tuna ta: hawa jirgin ƙasa na cikin gari. An ƙaddamar da shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, aka dawo da shi a Mayun 2024. Yana tashi daga babbar tasha ta tsakiyar gari, ya bi ta filin wasa na Moshood Abiola da Kukwaba da Idu har filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, wani reshe kuma ya nufi wajen Kubwa. Ruwan sama bai hana shi komai ba, kuma ta taga yaro zai ga gonakin masara da ƙauyukan da mai bin titi ba ya gani. Zirga-zirgarsa ba ta da yawa a rana, saboda haka a je tasha tun kafin ranar a duba jadawali, a tabbatar da lokacin na dawowa kafin a hau na tafiya.

Ga kuma wata dabara da ke sa hutu ya zama karatu ba tare da yara sun ankara ba. Ku ba su takardun kuɗi uku, ku ce za ku je ku nemo abin da ke bayansu. A bayan naira 1,000 akwai hedikwatar Babban Bankin Najeriya, ga ta nan a tsakiyar gari, za a gan ta daga mota, daga nan a zarce Masallacin Ƙasa mai ƙubbar ruwan zinariya da hasumiya huɗu a yi sallar azahar, a ranar da ba Juma'a ba don a samu sararin dubawa. A bayan naira 100 irin ta 1999 akwai Dutsen Zuma, wanda ke Madalla a Jihar Neja, bakin hanyar Kaduna. A tsaya a wuri mai aminci nesa da kwalta, a bar yara su nemo fuskar mutum da ake gani a jikin dutsen da kansu. A bayan naira 20 kuwa Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. 'Yar ƙasar Kwali ce, ta yi aiki a cibiyar koyar da ginin tukwane ta garin da a da ake kira Abuja, yanzu Suleja, ta rasu a 1984. Sana'ar tata tana nan da rai a Ushafa ta ƙaramar hukumar Bwari, ƙauyen da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a Agustan 2000. A can yara za su ga yadda mata ke murɗa yumɓu su ɗora shi zobe bisa zobe har tulu ya tashi. A gaida su da ladabi, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, kuma kada a tafi hannu rabbana. Ko ƙaramin kasko ne a saya. Madatsar ruwa ta Usuma, wadda ke shayar da birnin, tana kusa da nan, amma wurin hukuma ne mai masu gadi, sai da izini ake shiga, ba a kuma wanka a cikinta.

Gurara sai an yi magana a kanta da kyau. Magangarar ruwan tana Jihar Neja, ana bin hanyar Suleja, a mararrabar Dikko a karya hanyar Minna, tafiyar da za ta ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu daga tsakiyar gari. A Agusta da Satumba ne take cika ta batse, ruwan ja wur, ƙararsa tun daga nesa, feshinsa na jiƙa mutum daga inda yake tsaye. Abin kallo ne da ya cancanci wahalar hanya, amma kallo kawai. Duwatsun sun yi gansakuka, ruwan kuma yana iya ƙaruwa farat ɗaya saboda ruwan saman da aka yi can sama da kogin, alhali inda kuke rana ake yi. Kada kowa ya sauka ƙasa don hoto, yaro kuma hannunsa na cikin na babba daga sauka mota har komawa. Wanda yake da 'yan ƙasa da shekara bakwai ya bari sai rani. A tafi cikin ayari, mota biyu ko fiye, a tambayi direbobin tashar Suleja halin da hanya take ciki a wannan makon, a kamo hanyar gida kafin ƙarfe 3. Irin wannan gargaɗi ya shafi tsohon ramin fasa dutse na Mpape da matasa ke tururuwar zuwa ɗaukar hoto: ruwansa mai zurfi ne, gefensa a tsaye yake, babu inda ƙafa za ta taka.

Hanyar komawa gida ita ce inda aka fi yin ganganci. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota. Lokogoma, Galadimawa da sassan Lugbe sun sha ganin ambaliya, har hukumar agajin gaggawa ta birnin takan toshe ƙaramar hanyar Galadimawa da damina. Idan kun tarar ruwa ya shafe kwalta ba a ganin gefen kwalbati, ku tsaya a tudu ku jira. Irin wannan ruwan yakan janye bayan an ɗauke sama. Lambar gaggawa 112 ce. Mazauna Nyanya da Mararaba, da Kubwa, da hanyar filin jirgi su bar cikin gari kafin ƙarfe 4 a ranakun aiki, in ba haka ba za su haɗu da tashin ma'aikata da ruwa a lokaci guda, ga yara sun gaji a bayan mota. Wanda ba shi da mota ya hau a tasha sananniya ko ya kira ta manhaja, ya duba lambar motar ta yi daidai da wadda ke wayarsa. 'Yan wan-cans, wato ɓarayin da ke fakewa da motar haya su yi wa fasinja fashi, sun fi samun mutane a daidai lokacin da ruwa ya matsa kowa yana neman abin hawa ido rufe.

Sauro ma damina ce kakarsa. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 7 saura kwata a Agusta, don haka a bar lambu da bakin ruwa kafin lokacin, in kuma dare zai yi a waje a sa wa yara riga mai dogon hannu da wando, a shafa musu maganin korar sauro. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana washegari, yakan ɗauki kwana 7 zuwa 14 ko fiye. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a makonni biyun da suka biyo bayan fita, a kai shi a yi masa gwajin jini a ranar kafin a ba shi maganin maleriya. Idan gudawa ce ta kama shi, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ya kasa sha, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idonsa ya faɗa, a wuce asibiti ko da tsakar dare ne.